Wata shida da kyamarar RunCam da akwatin IOTA-VTI: abin da na gani

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ni aikina a nan Jidda haɗa kyamarorin tsaro ne a shaguna da gidaje, toh da wani abokina ya ce min ai da irin wannan ƙaramar kyamarar ake auna lokacin da tauraro ke ɓuya a bayan wata ko bayan dutsen sama (irin duwatsun da ke kewaya rana a sararin samaniya), sai na ce zan gwada, tunda dama ina da teleskop mai inci 8 da na saya hannu. Na yi odar kyamarar RunCam Night Eagle Astro da akwatin IOTA-VTI mai buga lokaci a kan bidiyo, yau wata shida kenan ina amfani da su.

Kyamarar ba ta kai akwatin ashana biyu ba, baƙi da fari take ɗauka, hoton ma ba wani kyau gare shi ba, duk ɗigo-ɗigo. In hoton da za ka sa a Facebook kake nema kada ma ka saya. Amma tana ganin taurari masu dishi-dishi a bidiyo kai tsaye, kuma abin da ake so kenan. Na ƙara mata gilashin rage zuƙowa na 0.5 saboda fili ya buɗe, in ba haka ba neman tauraron kaɗai zai cinye maka dare.

Akwatin shi ne zuciyar aikin gaba ɗaya wallahi. Bidiyo na fitowa daga kyamara ya bi ta cikinsa kafin ya isa kwamfuta, shi kuma yana karɓar lokaci daga tauraron ɗan'adam na GPS yana buga shi a ƙasan kowane hoto. Tsarin bidiyo na PAL hoto 25 ne a daƙiƙa ɗaya, kenan kowane hoto kashi 4 cikin 100 na daƙiƙa, ka ga da ido da agogon hannu ba wanda zai kamo wannan, agogon laftof ma ba abin dogaro ba ne don yana iya zamewa ba ka sani ba. Sai dai ka kunna shi da wuri, kamar minti 15 kafin ka fara, ya samu ya sauke bayanansa daga sama tukuna.

Da wata na fara, kuma shawarar da zan ba kowa kenan. A 'yan shekarun nan wata yana yawan ratsa Kaza da 'ya'yanta, wadda Larabawa ke kira Surayya, kuma ko daga saman bene a Jidda da duk hasken fitilun nan da laimar teku ana kamawa. Ka nemi kwanakin da wata ke girma, lokacin gefensa mai duhu ne ke gaba. Daren farko kawuna yana zaune kusa da ni da fulas ɗin shayi, shi a Makka aka haife shi amma Hausarsa ta Kano ce tsantsa, muna kallon allo tauraron na nan fes kusa da bakin wata, sai kawai babu shi. Bai dushe ba, bai yi ƙyafta ba, ɗif kamar an kashe makunni. Kawu ya ajiye kofi ya ce subhanallahi, ɗana maido min baya in sake gani. Na mayar hoto ɗaya-ɗaya, a wannan yana nan, a na gaba ba ya nan, ga lambobin lokaci a ƙasa. Sau biyar muka kalla.

Duwatsun sama su ne masu wahala. Inuwar dutsen siririya ce a doron ƙasa, faɗinta kamar faɗin dutsen, sai kana cikinta za ka ga komai. Manhajar Occult Watcher ke nuna min waɗanda za su bi ta kusa da ni, kyauta ce. Na farko na rasa shi saboda lissafin lokaci: komai da agogon UT, wato lokacin duniya na bai-ɗaya, ake rubutawa, mu kuma a Saudiyya muna gaba da awa 3, an rubuta 22:40 ranar Talata wanda a wurinmu ƙarfe 1:40 ne na daren da za a wayi gari Laraba, ni kuma na ɗauka daren gaba ne. Abin ya yi min ciwo sosai don na riga na nemi hutu a wurin aiki.

Na biyu kuma 'yar na'urar da ke shigar da bidiyo kwamfuta ta USB ce ta cuce ni, mai araha na saya a wani shago ba suna ba komai, ashe tana zubar da hotuna a hanya, da na duba lambobin akwatin sai na ga suna tsallake. Da ba don akwatin ba da ban ma san an yi ɓarna ba. Kada ku yi tsimi a nan dan Allah, kuma ku ɗauki bidiyon a tsarin fayil na AVI wanda ba a matse shi sosai ba.

A na huɗu Allah ya ba ni sa'a. Mun hau Hada ta hanyar Ɗa'if, sama garau ga sanyi har sai da na sa jaket, tauraron ya ɓace daƙiƙa uku da 'yan kai ya dawo. Na sa bidiyon a manhajar Tangra ta zana min layin hasken tauraron, ga ramin nan a fili, na tura rahoto wa masu tattarawa na IOTA, ƙungiyar masu auna irin wannan ɓuyan taurari. In aka ninka tsawon ɓuyan da gudun inuwar sai a samu faɗin dutsen ta inda ka tsaya, in mutane da yawa suka auna daga wurare daban-daban sai siffarsa ta fito. Ko wanda bai ga komai ba rahotonsa na da amfani, ya nuna iyakar dutsen. Da wannan hanyar aka gano zobban duniyar Yuranus a 1977, da na wani dutsen sama mai suna Chariklo a 2013.

Wayoyi dai suna da yawa, kyamara da akwati da batiri da laftof, a duhu sai ka yi a hankali. Na ji akwai kyamarori irin QHY174 masu GPS a ciki, kuɗinsu ya fi ƙarfina yanzu. Abin da nake nema shi ne wani a Madina ko Ɗa'if da zai tsaya a nasa wurin ranar da inuwa za ta biyo ta yankinmu, don awo daga wuri ɗaya ba ya fitar da siffar dutsen.