Tankin murjani mai lita 540 a Madina: ya biya, amma mita ce ke shan wahala

Na bar ƙaramin tankina na kiwon murjani da kifin teku mai lita 90 na koma mai lita 540, tsawo santimita 150, faɗi 60, tsayi 60, da wani ƙaramin tanki a ƙarƙashinsa inda na'urori suke zama. A unguwar Madina ta Accra nake, wani mai aikin gilashi a nan ya haɗa mini shi da gilashi mai kaurin milimita 12, su famfo da fitilu da na'urar kumfa mai cire ƙazantar ruwa kuwa daga waje aka kawo. Yanzu ya ga hunturu ya ga zafi, don haka ina ganin ya isa a yi masa hukunci.

Abin da ya sa na yi ƙaura shi ne ruwan ƙaramin tanki ba ya da haƙuri. Murjani dabba ce, ba dutse ba, kuma ba ta son sauyi. Gishirin ruwanta ya kamata ya tsaya kusa da giram 35 a kowace lita, abin da ma'auni yake nunawa 1.025 ko 1.026, zafi kuma tsakanin digiri 24 da 26. Ruwa yana tashi sama, gishiri ba ya tashi, saboda haka a hunturu, lokacin da iska ta bushe, sai ka wayi gari gishirin ƙaramin tanki ya haura. Babban kuwa da kyar allurar take motsi. Tamkar kofin shayi ne da randa: ɗaya ya huce kafin ka idar da gaisuwa, ɗaya ta yini yadda ka bar ta. A wannan fanni babban tanki ya cika alkawari. Ko na yi tafiya Kumasi na bar yara da ba kifi abinci, kuma hannunsu ya yi nauyi, ruwan yana shanye kuskuren.

Nauyi shi ne abin da masu sayarwa ba sa faɗa da ƙarfi. Ruwan kaɗai ya haura kilo 550, gilashin ya kai kilo 100, ga duwatsu, ga yashi, ga tankin ƙasa, ga ƙafar ƙarfe. Jimla ana maganar kusan kilo 800 a kan wuri ɗaya. Wanda yake haya a bene ya tambayi mai gida da wanda ya san gini kafin ya ba da ko sidi ɗaya. Ni a ƙasa nake, amma tayil ɗin falo ya ɗan karkata, kuma tanki irin wannan in bai zauna daidai ba, silikon ɗin kusurwa ne zai ɗauki nauyin har wata rana ya saki. Mai gilashin ya yi aikin kirki a nan, ya zo da ma'aunin daidaito, ya sa soso mai tauri a ƙarƙashi. Mai waldan da ya yi ƙafar ne na ga gazawarsa. Na ce fentin da ke jure gishiri nake so, ya ce, "Alhaji, wannan ko a bakin teku ka ajiye shi ba abin da zai same shi." Tsatsa ta fara leƙowa a mahaɗai kafin damina ta wuce.

Sai ruwa. Kowa ya shigo gidan sai ya tambaye ni me ya hana in ɗebo a Labadi ko Jamestown, tunda ga teku kyauta. Wanda ya san ƙazantar da kogin Odaw ke zubawa a tafkin Korle, Korle kuma ta miƙa wa teku, ba zai sake tambaya ba. Gishirin Songor na Ada ma ba ya yi. Gishirin miya ne mai kyau, amma murjani mai ƙashi tana gina jikinta da kalsiyam, tana son a riƙe shi wajen miligram 400 zuwa 450 a kowace lita, magniziyam kuma wajen miligram 1300, kuma waɗannan sai a gishirin da aka haɗa musamman don tanki. Cikawar farko ta cinye fiye da kilo 20, sannan duk sauyin ruwa na kashi 10 cikin 100 lita 54 ne, ba lita 9 ba kamar da. Ruwan famfo da na politanki ba sa shiga kai tsaye, sai sun bi ta na'urar tacewa mai fitar da kulorin da sauran ma'adinai, in ba haka ba gansakuka za ta mamaye duwatsu. Ita na'urar tana zubar da ruwa fiye da wanda take tacewa. Uwargida ta sa aka ja tiyo zuwa wajen wanki, da haka aka samu zaman lafiya.

Ita ƙaurar kanta ba ta da wuya in an bi a hankali. Tsoffin duwatsu suka koma da bakteriyarsu, tsohon yashi aka zubar don dauɗar da ya tara, sababbin duwatsu kuma aka bar su makonni har amoniya da naitirai, masu guba ga kifi da murjani, suka sauka sifili. Akwai lokacin da komai ya koma ruwan ƙasa, kamar an yi asara. Yana wucewa.

Yanzu ga inda maganar take. A cikin jikin murjani akwai wasu ƙananan tsirrai da ke yi mata abinci da haske, su ne kuma suke ba ta yawancin launinta. In zafin ruwa ya kai digiri 30 ya daɗe a nan, sai ta kore su, ta koma fari fat, daga nan sai mutuwa in ba a yi sauri ba. To falon Madina a watan Maris, da rufin kwano, da fitilu da famfuna suna ƙara nasu zafin, ai ya wuce nan ba tare da taimakon kowa ba. Mutanen Turai na'urar ɗumama ruwa suke saye, mu ta sanyayawa ce farilla. A ƙaramin tanki fanka ta ishe ni. A wannan kuwa sai na'urar sanyaya ruwa mai kwamfuresa irin na firji, kuma daga Fabrairu zuwa Afrilu kusan ba ta hutawa. Tana aikinta, ruwan bai taɓa wuce 26 ba, amma tana da ƙara, tana hura zafi cikin ɗaki, kuma kuɗin da nake loda wa mita yana ƙarewa da saurin da ban saba gani ba. Daga baya na fasa bango na mayar da ita baranda.

Dumso, wato ɗauke wutar lantarki, kuma ba ya sallama. Abin da ya fi kashe tanki idan an ɗauke wuta ba duhu ba ne, tsayawar ruwa ce: iskar shaƙa tana ƙarewa cikin sa'o'i, kuma ruwa mai ɗumi ya fi saurin rasa ta. Famfunan da na saya masu bolt 24 ne, ba sa cin wuta sosai, don haka inbata da batir suna riƙe su dare guda. Na'urar sanyayawa kam sai janareta. Mai yin odar kaya kuma ya duba takarda da kyau, domin wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120, kuma ba kowace na'ura ke karɓar duka biyu ba.

Dabbobin ma wani tsada ne. Gaɓar Ghana ba ta da tudun murjani irin na Indonesiya ko Bahar Maliya da alhazai ke gani a Jidda, saboda haka komai ta jirgi yake sauka a filin jirgin saman Accra, kuma murjani mai ƙashi yana cikin jerin yarjejeniyar CITES mai taƙaita cinikin dabbobi da tsirran daji tsakanin ƙasashe, sai da takarda. Wanda ya ce zai samo maka ta bayan fage, ka bar masa kayansa. Tanki mai girma kuma yana da fili da yawa, ido yana matsa wa aljihu a cike shi.

Da wani daga Nima ko Ashaiman zai tambaye ni, zan ce ya fara lissafin na'urar sanyayawa da batir da kuɗin wuta na wata-wata, abin da ya rage shi zai gaya masa girman gilashin da ya dace da shi. Mai lita 300 da sanyi ya fi mai lita 540 da fanka. Ni dai ba zan koma ƙarami ba. Murjani masu laushi sun bazu, kifayen nan biyu masu ruwan lemu da fararen ratsi sun kama kusurwarsu, amma Acropora, murjani mai ƙashi wadda ta fi kowa tsirfa, ba zan saya ba sai na ƙara batir, an kuma sake fentin ƙafar nan.