Hayar Ofis Wata-wata a Tsakiyar Landan da Yadda Ta Bambanta da Ta Gida

Zuwa ga 'yan'uwa 'yan kasuwa na gida, musamman waɗanda suka sha tambayata yadda ake samun ofis a Landan bayan an yi wa kamfani rajista a Birtaniya, ina yi muku sallama tare da fatan alheri. Ƙaramin ɗan kasuwa a nan ba ya farawa da kama hayar bene guda. Ɗaki yake karɓa a cikin ofisoshin da aka riga aka shirya, ana biya wata-wata, kuma na ga ya dace in bayyana abin da ake samu a cikinsu da abin da ake rasawa, domin tallar da kuke gani a intanet ba ta faɗar komai da komai.

Kamfani ne yake kama hawa biyu ko uku a wani babban gini, a unguwannin hada-hadar kuɗi irin su Bank da Liverpool Street da Canary Wharf, sai ya yayyanka su zuwa ƙananan ɗakuna masu bangon gilashi, ya zuba tebura da kujeru. Ba da faɗin ɗaki ake yanka kuɗi ba, da yawan tebura ne, kuma ɗakin da ba shi da taga ya fi araha. A cikin kuɗin wata akwai wuta da intanet da ɗumama ɗaki lokacin sanyi da shara da tsaro da harajin wuraren kasuwanci da ƙaramar hukuma ke karɓa. Idan ka sa hannu yau, gobe za a miƙa maka katin buɗe ƙofa. Baƙonka zai tarar da ma'aikaciya a teburin karɓar baƙi, ta rubuta sunansa, ta zaunar da shi, ta sanar da kai, kuma babu abin da zai nuna masa cewa kamfanin naka kai kaɗai ne da kwamfutarka.

Duk wanda ya taɓa kama ofis a Kano ko Abuja ya san bambancin. A gida sai ka biya kuɗin shekara guda ko biyu gaba ɗaya, ka ba dillali la'adarsa, ka biya kuɗin lauya, sau da yawa har da kuɗin ajiya saboda ɓarna, sannan a ba ka mukullin ɗakin da babu komai a cikinsa. Fenti naka ne, janareta da man gas naka ne, idan ka gaji ka koma sola ita ma daga aljihunka, ga albashin maigadi, ga 'yan garuwa idan famfo ya ƙafe. Kafin ka sayar da kayan naira ɗaya, wani kaso mai tsoka na jarinka ya riga ya kwanta a hannun mai gini. A ganina nan ne tsarin wata-wata ya fi namu nesa ba kusa ba, domin yana barin jari ya ci gaba da juyawa.

Kada a ɗauka cewa hayar ofis ta asali a Landan mai sauƙi ce. Yarjejeniyarta kan kai shekara biyar ko goma, kuma bisa al'adar Ingila ana biyan kuɗin wata uku a gaba, a ranakun 25 ga Maris da 24 ga Yuni da 29 ga Satumba da 25 ga Disamba, ban da kuɗin kula da gini da haraji, ga kuma sharaɗin mayar da wurin yadda aka same shi ranar tashi. Wannan nauyi ne ya buɗe wa ofisoshin wata-wata kasuwa. Wani ɗan Birtaniya, Mark Dixon, shi ya kafa Regus, kamfanin ba da hayar irin waɗannan ofisoshi, a birnin Brussels a 1989, wanda tun 2016 babban kamfanin da ya mallake shi ke amsa sunan IWG, sannan WeWork ya biyo baya daga New York a 2010.

Sai dai sauƙin yana da tsada. Tebur ɗaya a tsakiyar birni yakan ci ɗaruruwan fam a wata, a ɗora masa harajin VAT na kashi 20 cikin 100, kuma yawanci ana riƙe kuɗin wata biyu a matsayin ajiya. Bayan haka ƙananan caji ke biyowa: ɗakin taro da awa ake biya, buga takarda da shafi ake lissafawa, amsa waya da sunan kamfaninka ma da nasa kuɗin. Abin da ya fi cin mutane shi ne sharaɗin sabuntawa. A wurin da nake, wanda ba ɗaya daga cikin manyan kamfanonin da na ambata ba ne, wani maƙwabcina mai shigo da kayan abinci bai ba da sanarwar tashi a cikin wa'adi ba, sai yarjejeniyarsa ta sabunta kanta da ƙarin kuɗi, domin rangwamen da aka yi masa da farko na shiga ne kawai. Da ya tashi daga baya kuma, aka cire kuɗin gyara da goge ɗaki daga ajiyarsa, alhali ko ƙusa bai kafa a bango ba. Duk wannan yana rubuce a cikin takardar da ya sa wa hannu.

Matsayinka a gaban doka ma ya kamata a fahimce shi. Abin da ake ba ka a mafi yawan waɗannan wurare izinin zama ne, ba cikakkiyar haya ba, saboda haka kariyar da dokar haya ta Birtaniya ta 1954 ta ba 'yan hayar wuraren kasuwanci, wato haƙƙin neman sabunta haya idan wa'adi ya cika, ba ta shafe ka ba. Ana iya mayar da kai wani ɗaki, ana iya ƙin sabunta maka. Abin ya yi kama da zaman fatake a gidan fatoma a zangon Kumasi ko Salaga, inda ake ba ka masauki da wurin ajiya da sunan maigida ka yi ciniki a inuwarsa, amma kana nan a baƙo. Shi kansa mai masaukin yana iya faɗuwa, domin hayar shekaru masu yawa ya ɗauka yana sayar da ita wata-wata. WeWork, wanda aka ƙiyasta darajarsa da dala biliyan 47 a farkon 2019, ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a Amurka a watan Nuwamba na 2023, bayan annobar korona ta koya wa mutane aiki daga gida. Har yanzu ranakun Litinin da Juma'a za ka ga tebura da yawa babu kowa.

Akwai kuma abin da gida ya fi. Idan kasuwa ta tsaya a Kano, kana iya ɗaukar dattijo ku je wurin mai gini, a yi gaisuwa, a nemi alfarmar wata biyu, kuma sau da yawa a samu. A nan kuɗin daga asusunka ake cirewa kai tsaye ranar da aka ajiye, idan bai fita ba tara ta hau, idan aka daɗe katin ƙofar ya daina aiki, kuma ma'aikaciyar da ke yi maka murmushi kullum ba ta da ikon ɗaga maka ƙafa ko na kwana ɗaya. Wurin salla ma sai ka tambaya kafin ka sa hannu, domin ba kowane gini ne ke da shi ba, kuma banɗakunan babu buta, sai ka ajiye taka a durowa. Wanda ofishinsa ke wajen Aldgate yana iya takawa zuwa Masallacin Gabashin Landan a Whitechapel ranar Juma'a.

Masu son adireshi kawai, ba tare da ɗaki ba, suna iya hayarsa da kuɗi kaɗan, a riƙa karɓar musu wasiƙu. Tun watan Maris na 2024 hukumar rajistar kamfanoni, Companies House, ba ta karɓar akwatin gidan waya a matsayin adireshin kamfani, kuma masu ba da adireshin sai sun ga fasfo da shaidar inda kake zaune saboda dokokin hana halatta kuɗin haram. Adireshin ba ya ba kowa biza, ba ya kuma tilasta wa banki ya buɗe maka asusu, don haka a yi hattara da dillalan da ke haɗa ukun su sayar a matsayin abu ɗaya.

Shawarata ita ce, wanda ke gwada kasuwa da ma'aikaci ɗaya ko biyu ya karɓi ɗaki na wata shida, ya rubuta ranar ba da sanarwar tashi a inda zai riƙa ganinta, ya kuma nemi a rubuta masa farashin sabuntawa tun kafin ya shiga. Wanda ma'aikatansa suka yi yawa kuma ya tabbata zai daɗe, ya zauna da akanta su kwatanta da hayar asali, domin a nan ne lissafin kan juya. Masu tunanin buɗe irin wannan sana'a a Kano kuwa, su fara lissafinsu daga kuɗin wuta da man gas kafin kujeru da gilashi, tunda wutar da ba ta ɗaukewa ita ce ainihin abin da ɗan haya zai biya.