Na Sha Kafson Furobayotik: Abin da Ya Yi wa Cikina da Abin da Bai Yi wa Damuwata Ba

Tun da aka fara yawo da tallan kafson furobayotik, wato kafso mai ɗauke da bakteriya masu rai masu amfani ga hanji, a WhatsApp da TikTok, ana cewa yana maganin damuwa da rashin barci da saurin fushi, abokan aikina suke tare ni a ofishin malamai da tambaya ɗaya: "Malama, wai gaskiya ne?" Sun san bayoloji nake koyarwa, sun kuma san na sha har kwalba ta ƙare na ƙaro wata. Abin da nake gaya musu shi ne, kafson ya yi wa cikina aiki, aikin da na gani a fili. Amma ta fuskar damuwa, abin da ya yi bai kai ko kusa da abin da masu talla suke rantsuwa a kai ba, kuma ɗan sauƙin da na ji a raina, a ganina, daga lafawar cikin ya biyo.

Olsa ce ta kai ni gare shi. An gwada ni aka ga ƙwayar H. pylori, wadda ita ke haddasa mafi yawan gyambon ciki, likita ya rubuta mini antibayotik iri biyu da maganin rage tsamin ciki na mako biyu. Zafin ƙirji ya tafi, alhamdu lillahi. Sai dai maganin ya bar ni da wani cikin da ban san shi ba. Kumburi tun daga la'asar har zani ya matse ni, yau gudawa, jibi kuma bayan gida ya ƙi zuwa, ga ƙugi da 'yan benci na gaba suke iya ji. A tare da wannan sai wani ƙunci ya sauko mini. Ina farkawa tsakar dare gabana yana faɗuwa ba gaira ba dalili, hayaniyar yara da na saba da ita ta koma tana hau mini kai. Abban yara ne ya matsa in koma wurin likitan. Ya saurare ni sosai, ya ce antibayotik ba ya tantance mai laifi da marar laifi, yana share ƙwayoyin hanji masu amfani tare da masu cutarwa, kuma in ina da hali zan iya gwada furobayotik. Bai taɓa ce mini zai warkar da damuwa ba. Wannan maganar a waya na gan ta.

Wanda na saya na waje ne, kafso 30 a kwalba, da lambar NAFDAC a jiki. An rubuta cewa kowane kafso yana ɗauke da bakteriya masu rai biliyan 10, daga dangin Lactobacillus da Bifidobacterium, a sha ɗaya kullum. Kuɗinsa ba wasa ba ne. Abin da na biya a kwalba ɗaya zai cika mini buhun cefane da wake da gero har in dawo da canji. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a jikin kwalbar shi ne umarnin a ajiye ta a wurin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba. A Kano ke nan, inda watan Afrilu yake taɓa 40 ko ya wuce. Kantin magani na farko da na shiga, kwalaben suna jere a kanta bayan gilashi, rana tana dukansu. Na ce wa yaron kantin, "Ɗan'uwa, wannan ai abu ne mai rai, zafi kashe shi yake yi." Ya ce haka ake kawo musu. Na wuce wani kantin da yake da sola, nasu yana cikin firiji, a can na saya. Duk wanda zai saya ya dubi wannan kafin ya dubi farashi, domin kafso mai matattun ƙwayoyi da mai rayayyu kamanninsu ɗaya ne, babu yadda za ka gane da ido. A kuma duba ko biliyoyin da aka rubuta na ranar da aka haɗa maganin ne, ko kuwa kamfanin ya ɗauki alkawarin za su kai har ranar ƙarewar wa'adi. Bambancin yana da girma.

Kwanakin farko iska ma ƙaruwa ta yi. Daga baya sai abubuwa suka fara daidaita: bayan gida ya koma lokacinsa na safe, kumburin yamma ya ragu sosai, ƙugin ya daina. Kafson ba shi da ɗanɗano, ba ya tayar da zuciya, haɗiyarsa babu wuya. Da ciki ya daina tashina da dare sai barci ya miƙe, da barci ya miƙe sai na ga ina shiga aji da walwala. Wannan gaskiya ne, ba zan rage masa ba. To amma ba a nan gizo yake saƙar ba. Ina tsakiyar kwalba ta biyu mahaifinmu ya kwanta rashin lafiya, ga makin jarrabawa, ga kuɗin makarantar yara. Faɗuwar gaban nan ta dawo daram, alhali ko rana ɗaya ban tsallake kafson ba. Ciki lafiya lau, rai a dagule.

Ba na so a fahimce ni a kan cewa alaƙar hanji da ƙwaƙwalwa tatsuniya ce. Ilimi ne tabbatacce, kuma yana cikin abubuwan da na fi jin daɗin koya wa ɗalibai. Jikin mutum yana ɗauke da bakteriya kusan tiriliyan 38, bisa lissafin da masana a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila suka fitar a 2016, kuma mafi yawansu a babban hanji suke. Abincinsu shi ne harzar da cikinmu ba ya iya narkarwa, irin dusar hatsi da ɓawon wake da zaren ganye. Idan suka ci sai su fitar da wasu sinadarai, daga ciki har da butiret, wanda yake ciyar da bangon hanji yana kuma kwantar da kumburinsa. Shi bangon hanjin yana da ƙwayoyin jijiya sama da miliyan 100, kuma akwai wata doguwar jijiya mai suna bagus da ta haɗa shi da ƙwaƙwalwa. Kusan kashi 80 cikin 100 na zaruruwanta daga ƙasa suke kai saƙo sama. Wato ciki ya fi yi wa kai magana a kan yadda kai yake yi masa.

Masu talla sun fi son maganar sirotonin, sinadarin da magungunan ciwon damuwa da yawa suke aiki a kansa. Za ka ji suna cewa kashi 90 cikin 100 nasa a hanji ake yin sa. Haka ne. Abin da ba sa ƙarasawa shi ne, sirotonin ɗin hanji ba ya tsallaka shingen da yake kare ƙwaƙwalwa daga abin da ke yawo cikin jini. Babban aikinsa a can ƙasa shi ne motsa hanji. Ƙwaƙwalwa nata take haɗawa da kanta.

Sannan yawancin binciken da ya tayar da wannan ƙura a kan ɓeraye aka yi shi. A 2004 Nobuyuki Sudo da abokan aikinsa a Jami'ar Kyushu ta Japan sun nuna cewa ɓerayen da aka raina babu ko ƙwayar bakteriya ɗaya a jikinsu, sinadaran tashin hankali sun fi hauhawa a jininsu idan aka takura su, kuma da aka ba su wani nau'in Bifidobacterium abin ya daidaita. A 2011 ƙungiyar John Cryan a Cork ta ƙasar Ailan ta ba ɓeraye wani nau'in Lactobacillus rhamnosus, alamun fargabarsu suka ragu, da aka yanke musu jijiyar bagus kuma amfanin ya ɓace. Kyakkyawan bincike ne ƙwarai. Amma da aka gwada wannan nau'in dai a kan maza masu lafiya, aka buga sakamakon a 2017, bai nuna wani bambanci da kafson da babu komai a cikinsa ba. A Beljiyam, a 2019, an duba hanjin mutum sama da 1,000, aka ga masu ciwon damuwa suna da ƙarancin wasu bakteriya biyu, Coprococcus da Dialister. Wannan ya nuna abubuwan biyu suna tafiya tare, bai nuna wanne ya jawo wanne ba, domin mai damuwa cin abincinsa da barcinsa duk canjawa suke yi. Kuma waɗannan biyun babu su a cikin kwalbar da na saya.

Inda hujja ta fi gamsar da ni shi ne wajen abinci. A Ostareliya, Farfesa Felice Jacka ta jagoranci wani gwaji da aka buga a 2017, a kan mutum 67 masu ciwon damuwa. An taimaka wa wani rukuni ya gyara cimarsa na mako 12: hatsi da dusarsa, wake, ganye, kifi, rage zaƙi da soye-soye. Kashi 32 cikin 100 na wannan rukunin sun samu sauƙi sosai, a ɗaya rukunin kuwa kashi 8. Yawancinsu suna kan maganin likita ko ganin mai ba da shawara, abincin ƙari ne a kai. A Jami'ar Stanford ta Amurka kuma, a 2021, mutanen da aka ɗora a kan abinci mai tsami irin su yogot na mako 10, ire-iren bakteriyar hanjinsu sun ƙaru, alamun kumburi a jininsu sun ragu.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na maƙwabtanmu. A 2010 wasu masana daga Italiya suka kwatanta yaran ƙauyen Boulpon na Burkina Faso da yaran birnin Florence. Cimar yaran ƙauyen gero ce da dawa da wake da ganye, irin tamu ta gidan kaka sak. Aka tarar hanjinsu ya fi yalwar ire-iren bakteriya, musamman masu narkar da harza, sinadaran nan masu ciyar da bangon hanji ma sun fi yawa a wurinsu. Da nake ba Hajiyarmu labari sai ta ce, "To 'yar nan, ku da kuka bar tuwon dawa kuka koma shinkafa 'yar gwamnati da taliyar leda, ai dole ku sayi na kwalba." Raina ya sosu, domin a garin da Kasuwar Dawanau take, inda ake lodin gero da dawa da wake zuwa ƙasashe, akwai gidajen da yaro zai yi mako bai ci komai ba sai burodi da shayi da farar taliya da lemon kwalba.

Da kwalba ta biyu ta ƙare ban ƙaro ba. Na koma kindirmo da safe, wani lokaci da fura, ba tare da tula sukari ba. Wake ya riƙa shiga tukunya akai-akai, ga dambu da zogale, kwaɗon rama, fate, tuwon dawa miyar kuka ko kuɓewa, albasa da yawa. Cikin bai koma gidan jiya ba. Ba zan iya rarrabe nawa ne aikin kafso, nawa ne na abinci, nawa ne kuma na lokaci ba, tunda hanji yakan farfaɗo da kansa bayan antibayotik. Abin da na sani shi ne na daina biyan kuɗin nan kuma ban ji na rasa komai ba.

Sai dai a yi hattara da nonon da ake saya a hanya. Madarar da ba a tafasa ba tana iya ɗauke da ƙwayar tarin fuka na shanu da ta burusela, mai sa zazzaɓi mai naci da ciwon gaɓoɓi, wani kuma an sirka shi da ruwan da ba ka san daga ina aka ɗebo ba. Ni ina tafasa madarar a gida, in bar ta ta huce ta zama ɗumi-ɗumi, in zuba cokali biyu na tsohon kindirmo mai kyau, in rufe ta kwana. Koko da kunu da daddawa duk abinci ne masu kyau, amma wuta tana kashe mafi yawan ƙwayoyin da ke cikinsu, don haka wanda yake neman masu rai ya fi samunsu a kindirmo. Yogot ɗin roba kuma a karanta jikinsa, wani sukari ne ya fi yawa a ciki. Wani abin da ya fi duk wannan muhimmanci shi ne mu daina haɗiyar antibayotik don kanmu. Ciki ya ɗan murɗa a aika yaro kemis ya karɓo filajil, zazzaɓi ya ɗan taɓa mutum ya yanke wa kansa hukuncin taifot ya fara sifro. Kowane zagaye ɓarna yake yi a hanji, wadda kafso ba lalle ya gyara ba.

Abin da ya sa na ga dole in rubuta wannan sharhi shi ne ƙanwata. Bayan haihuwarta ta shiga wani hali, kuka ba dalili, ba ta son abinci, ba ta son ɗaukar jaririyar. Wata maƙwabciya ta turo mata tallan kafson nan, ta kira ni ta ce, "Yaya, wanda kika sha ne? In saya?" Na ce mata a'a, likita za mu gani. Ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, yana da magani, kuma a Kano muna da inda ake dubawa, akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano, ga kuma asibitin Dawanau. Muka haɗa da addu'a, aka ɗora ta a kan magani, yanzu ta dawo hayyacinta. Da ta tsaya jiran kafso ya yi aiki, da wahalarta ta yi tsawo a banza. Wanda kuma likita ya riga ya ba shi maganin damuwa, don Allah kada ya ajiye shi saboda talla.

Wanda zan ce ya gwada kafson shi ne mai fama da gudawa ko kumburi lokacin shan antibayotik ko bayansa, domin gwaje-gwaje da yawa sun nuna yana rage irin wannan gudawar. Ko shi ma ya san cewa a 2018 masana a Cibiyar Weizmann sun ga a wasu mutane furobayotik ya jinkirta dawowar ainihin bakteriyar hanjinsu bayan antibayotik, don haka ba abin da za a mayar da shi cin yau da kullum ba ne. Mai raunin garkuwar jiki, da mai shan maganin ciwon daji, da jariri bakwaini, kada a ba su sai likita ya amince. In kuma za a haɗa shi da antibayotik, a bar tazarar awa biyu tsakaninsu, a sayo shi daga kantin da yake ajiye shi a firiji, a gida ma a nema masa wuri mafi sanyi.