Tiritmen a injin mota: ni dai ban ga ribarsa ba

Motata 'yar Kwatano ce ƙirar 2008, ta ci hanya sosai kafin ta zo hannuna, kuma tana shan baƙin mai. Ba ta ɗigar da ko ɗigo a ƙasa, amma kafin lokacin juye ya yi sai in tarar geji ya sauka. In na sako gangara na sake taka totur, salansa takan yi ɗan hayaƙi shuɗi-shuɗi. Wannan ya sa na sayi tiritmen, mai kaurin nan da ake jerawa kusa da galan-galan na mai, wanda a nan Kaduna, daga Panteka har Oriakpata, da wuya ka shiga shago ba ka gan shi ba. Mai shagon cewa ya yi: "Alhaji, ka zuba wannan ka manta da ciko har juye na gaba. Har ringi yana gyarawa." Da yaron gareji ya kifa kwalbar, abin yana sauka a hankali kamar zuma, sai da ya bubbuga gindinta.

Ba zan ci haƙƙinsa ba, da farko na ji daɗi. Ƙarar inji ta kwanta, hayaƙin ya ragu, har na fara ba abokai labari a majalisa.

Sanyi na shigowa labari ya sha bamban. Wata safiyar Disamba, hazo ya rufe gari, zan kai Hajiyarmu ganin likita. Ina murɗa makulli sai inji ya ɗauki ƙara, kaf-kaf-kaf, ƙarfe na dukan ƙarfe, jar fitilar mai kuma ta tsaya tana kallona, ba ta mutu nan take ba yadda ta saba. Na bar mota ta ɗumama, muka kama hanya. Muna hawa gadar Kawo ta fara fizga, ƙarfinta ya tafi, fitilar cek ta kama, manyan motoci na danna mini hon ta baya. Daga kujerar baya Hajiya take cewa, "Ɗan nan, ka sauke ni in hau Keke mana, kada layi ya wuce ni." Haka na gangara gefe, na tare mata Keke, tsohuwa mai ciwon gwiwa tana ta fama ta ɗaga ƙafa ta shiga cikin wannan iska. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Bakaniken da ya jona mata kwamfuta ya ce matsalar daga VVT take, wato tsarin da ke daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul-bawul na inji. Ya kwance ƙaramin bawul ɗin VVT ɗin, ya zaro 'yar rariyar da ke tace man da ke zuwa wurin, ya ɗora mini a tafin hannu: baƙa ƙirin, ta yi danƙo, ko haske ba ya ratsa ta. Ya nuna mini murfin mai, an rubuta 5W-20 ɓaro-ɓaro, wato lambar mai mara kauri. Ya ce, "Yallaɓai, an zuba maka 20W-50, sannan aka ƙara masa kauri. Injin nan hanyoyin mansa ƙanana ne, da matsin mai yake daidaita kamshaf. Da asuba cikin sanyi yaushe wannan zai hau sama?" Ya faɗi gaskiya cewa dattin ya daɗe yana taruwa, ba kwalba ɗaya ta kawo shi ba, amma kaurin ne ya ƙarasa toshe ɗan abin da ya rage. Aka zubar da man da bai yi rabin wa'adinsa ba, sabon mai, sabuwar filta, kuɗin kwamfuta, kuɗin aiki.

Abin da ya ƙara ba ni haushi, ashe duk galan na kirki da ke ɗauke da tambarin API (cibiyar Amurka mai tsara matakin ingancin mai), ko matakin SN ko SP, ya zo da nasa haɗin tun daga masana'anta: sinadarin wanke datti, na hana tsatsa da kumfa, da na zinc mai kare ƙarfe daga gogayya, kowanne an auna shi. Wanda ka ƙara daga baya ba ka san yadda zai zauna da su ba, kuma in zinc da fosfaras suka yi yawa a motar da ke ƙona mai, indomin salansa, wato matatar hayaƙin nan, shi ne ke shan wahala. Alkawuran da ake bugawa a jikin kwalba ma ba yau aka fara rigima a kansu ba. A 1997 sai da hukumar FTC mai sa ido kan kasuwanci a Amurka ta hana masu wani tiritmen mai suna Slick 50 ci gaba da tallan abin da ba su da hujjarsa.

Duk da haka ba zan ce ba shi da rana kwata-kwata ba. Direbobin tsofaffin Fijo 504 da aka haɗa a Kakuri, da masu Golf da ke lodin Zariya a tashar Kawo, da yawansu na zubawa, kuma na fahimce su. Injin da ya riga ya saki, ba shi da VVT, mai kauri kan toshe masa gibi, ya rage hayaƙi, mutum ya lallaɓa ya tara kuɗin gyara. A nan kam zan iya cewa a gwada.

Amma maganar "yana gyara ringi" ita ce ba zan yafe ba. Ringin da ya cinye ko ya manne ba ruwan kwalbar da zai dawo da shi. Na koma shagon na yi wa mutumin bayani, ko a jikinsa, wai ƙila jabu ne kamfani ya haɗo masa da shi, kuma yana da wani na wanke inji da ya fi wancan. Ya ɗauko yana miƙo mini! Bayan shi ne ya rantse mini, bai ko tambayi wace irin mota nake ja ba.

Yanzu man da murfi ya ce shi nake zubawa, ina juye a kan lokaci, akwai galan a but saboda ciko, kuma kowace Asabar ina zaro geji in duba. Shan mai yana nan, ya ma ɗan ƙaru tunda man ya fi tsinkewa, amma ƙarar asubar nan ba ta dawo ba. Bakanike ya ce bayan Sallah in kawo ta a sauke inji a sa ringi.