Injin ɓare ɗanyar masara: ɓawo ya fita, gemu yana nan daram

Masu kirana a waya da masu turo saƙo ta WhatsApp suna tambayar yadda na ga injin nan, ga amsarku gaba ɗaya, don bakina ya gaji da maimaici. Injin da nake nufi shi ne ɗan Chanan nan kore mai rola huɗu, wanda ake ɗaura wa injin fetur mai ƙarfin doki 6.5, irin kan da ke jikin injin ban-ruwa. Duk mai zagaya layin masu injuna a Kano ya gan shi. Kuɗinsa kuwa kun fi ni sani, tunda kowace safiya da nasa farashin yake tashi. Abin da aka faɗa mini a shagon shi ne yana ɓare ɗanyar masara tas, ɓawo da gemu duka, ba ya taɓa ko ƙwaya ɗaya. Har bidiyo Alhaji mai shagon ya nuna mini a wayarsa, masara na shiga ta sama da rigarta, tana faɗowa ta ƙasa fes.

Ni noman rani nake yi a yankin Kadawa, da ruwan Tiga muke aiki. Yawancin ɗanyar masarar da nake karya da ɓawonta take tafiya, don masu gashi da masu dafawa ba sa son ɓararriya, ɓawon ne ke riƙe mata laima har a kai ga wuta. Amma ina da wasu masu saye na daban: masu girkin biki, otal biyu-uku, da kantunan da ke jera ta a faranti a naɗe da leda. Su masarar nan mai zaƙi suke so, a ɓare, a tsince gemu, a jera ta reras. Ita kuwa wannan masara ba ta da haƙuri. Daga lokacin da aka karya ta zaƙinta ke fara komawa gari, a zafi irin namu cikin yini da kwana tana iya rasa kusan rabin sukarinta. Shi ya sa da asuba ake karya, kafin azahar ana so mota ta ɗau hanya. Matan da ke ɓare mini da hannu aikinsu ba shi da makusa, sai dai idan tumatir ya faɗo, kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan ta cika, neman ma'aikaci ya kan zama aiki shi ma. Dalilin sayen injin ke nan.

To, ga abin da ya faru.

Wata Hajiya mai girkin manyan bukukuwa a Abuja, wadda mun daɗe muna hulɗa, ta ba ni odar da ta fi kowace girma tunda muka fara. Liyafar dare ce ranar Asabar, tana so kaya su iso mata ranar Juma'a da dare. Muka karya da sassafe, muka tara a ƙarƙashin rumfa, aka ja igiya inji ya tashi. Da farko kam abin gwanin sha'awa. Rolar nan bibbiyu ne, ɗaya ta ƙarfe mai murɗaɗɗen tudu, ɗaya ta roba, suna juyawa suna fuskantar juna. Masara tana gangarowa a kansu, wasu ƙafafun roba masu yatsu suna danna ta daga sama, rolar ta cafki ɓawo ta ja shi ƙasa, fanka ta hura shi waje. Yara sai ihu suke suna zuba masara ba ƙaƙƙautawa. An ci kusan buhu uku kafin na zagaya bayan injin na ɗauki guda daga cikin kwandon.

Hannuna ya yi danƙo kamar na tsoma shi a koko. Na juya masarar, sai ga layi biyu na ƙwaya a fashe tun daga gindi har baki, farin ruwan yana tsiyaya. Na ɗauki ta biyu, haka. Ta uku bakinta ma a gutsure yake. Wanda ya san masara ya san tun da tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta shigo ƙasar nan a 2016, da wuya ka ɓare buhu ba ka same ta maƙale a bakin goyo ba, duk feshin da za ka yi. Mai ɓarewa da hannu tana gani za ta karya bakin ta yar. Inji ba shi da ido. Markaɗa ta yake yi, ya shafe jikin masarar da ita, ya kuma shafa wa masu biyowa baya.

Gemun kuwa shi ya fi ƙona mini rai. Da a ce barin sa injin yake yi yadda yake, da sauƙi, sai a sa hannu a zare shi gaba ɗaya. A'a. Tsintsinka shi yake yi gajeru-gajeru, ya jiƙa shi da ruwan ƙwayar da ya fasa, sannan ya danna shi cikin tsagin layuka. Abin da yatsa biyu ke cirewa a ja ɗaya ya koma sai an bi da tsinke.

Na kira shagon. Na ce, "Alhaji, injin nan fasa mini masara yake yi." Ya ce, "Haba ranka ya daɗe, saiti ne kawai, ka sassauta sifirin da ke matse masarar." Muka sassauta. Masara ta riƙa wucewa da rabin ɓawonta, wata ma ta fito yadda ta shiga. Muka ƙara ɗaurewa kaɗan, fashewa ta dawo. Babu tsakiya, ko dai ya ƙyale ɓawo ko ya ci ƙwaya. Na sake kiransa, rana tana ta yi. Sai bawan Allahn nan ya ce da ni, kuma wallahi ba da wasa yake ba, "Ai masarar taka ce ta cika ɗanye, ka baza ta ta sha rana kwana biyu tukuna." Ɗanyar masara fa. Wadda don ɗanyantakarta ake sayenta, wadda shi da bakinsa ya ce don ita aka ƙera injin. Na kashe wayar don kada in faɗi abin da bai dace da mai furfura ba.

Dole aka bi gida-gida ana roƙon mata. Da suka iso, wata dattijuwa a cikinsu ta dubi injin ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, baƙon naka na Chana gajiya ya yi?" Duk rumfar ta ɗau dariya, ni ko murmushi ya gagara. Sun ɓare sauran da hannu, muka zauna muna tsince masu dama-dama daga cikin waɗanda injin ya taɓa don a cike adadi, ana wankewa ana bi da buroshin haƙori. Motar da ya kamata ta tashi kafin sallar Juma'a sai bayan la'asar ta bar gona, ga hanyar Kaduna zuwa Abuja kun san halinta. Ita kuma ƙwayar da ta fashe, in ta kwana cikin leda a zafi, tsami take yi, ta kuma ɗauki na kusa da ita.

Da safe Hajiya ta kira. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini. Ta ce, "Malam, tsakanina da kai ba a taɓa haka ba. Na buɗe leda wari ya buge ni. Yanzu na tura yara neman masarar gwangwani." Ta biya kuɗin waɗanda aka ɓare da hannu, sauran ta ce in na so a dawo mini da su. Me zan yi da su? Har yau muna gaisawa, tana tambayar iyali, amma oda ba ta sake zuwa ba.

Daga baya ɗan yayata da ke karatun injiniyan noma a jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ya karɓi bidiyon nan ya tsayar da shi a tsakiya ya ce, "Kawu, duba ɓawon da kyau." Fari ne ƙal, busasshe, yana tashi a iska. Masarar kaka ce aka ɓare a bidiyon, wadda ruwan jikinta bai fi kashi 20 zuwa 25 cikin 100 ba, ƙwayarta ta yi tauri. Ɗanyar masara mai zaƙi kuwa ruwanta ya haura kashi 70, farce ma fasa ta yake yi balle tudun ƙarfe. Ya ce a ƙasashen da ke cika ta a gwangwani, irin su Tailan da Amurka, ba inji ɗaya ke wannan aikin ba. Ana fara turara ta da tururi don ɓawon ya yi laushi, a datse gindin inda ganyen ya kama, sannan ta hau rola masu taushi ruwa yana fesowa, a ƙarshe ta bi ta wani injin mai buroshi da ke wanke gemu. Jerin injuna ne guda. Ni an sayar mini da na busasshiyar masara da sunan na ɗanya.

Yanzu fa kada in zalunci ƙarfen, don shi ba shi ya yi mini alkawari ba. Na kai shi wurin wani mai walda da ya saba ƙera injin casa. Ya cire rolar ƙarfen ya sa na roba a madadinsu, ya canza fulin da ke jikin injin ɓarewar, wato ƙafar da bel ke juyawa, zuwa babba don gudun ya ragu, ya kuma ɗaura bututu mai 'yan huji a sama muna jona shi da tiyo. Mu kuma muka koyi datse gindin masara da wuƙa kafin a jefa ta, da ware ƙanana daban, don su ne ke juyawa a gicciye suna cin duka. Da wannan gyara fashewar ta ragu sosai. Ɓawo yana fita da kyau, kuma abin da mata za su wuni a kai yana gamawa kafin hantsi ya dubi ludayi. Gemu dai sai yaro biyu sun zauna da baho da buroshi, sannan dole a sa mutum a gaba yana duba tsutsa kafin masara ta shiga. Ka ga ke nan rabin aikin ya ɗauke, ba duka ba.

Da kaka ta yi na mayar da rolar ƙarfen na gwada shi a masarar damina. Nan ne na ga injin da ke cikin bidiyo. Yana cinye tuli kafin ka juya, ɓawon duk ya taru wuri ɗaya, sai dai a kwasa a kai wa shanun turke. Maƙwabta suka fara zuwa aro, daga baya na mai da shi haya, buhu kaza kuɗi kaza. A lokacin har na fara cewa a raina to Alhamdulillahi, ba a yi asara duka ba, har na yi niyyar in na shiga birni in leƙa shagon mu gaisa.

Sai boris ya fara kuka. Da aka kwance, ashe gemun nan da ba ya fita daga jikin masara, wanda ya fita ɗin kan sandar rola yake naɗewa, ya cusa kansa cikin boris da jiƙonsa, tsatsa ta kama. Babu wani murfi da aka yi wa wurin. Boris dai ana samu a ko'ina, an canza. Amma ƙafafun robar nan masu yatsu, da suka cinye, babu irinsu a kasuwa. Na koma wurin Alhaji na tuna masa garantin shekara da ya yi mini da baki. Ya ce roba ba ta cikin garanti. Na ce to boris fa? Ya ce shi ma abin cinyewa ne. Na ce, "To Alhaji, me ke cikin garantin, fentin?" Yaransa suka sunkuyar da kai. Maganar ɗanyar masara kuwa cewa ya yi shi bai tuna ya faɗi haka ba, wai masara ai masara ce. Takardar da ke cikin kwali da rubutun Sin take, hoton ma bai yi daidai da injin ba.

Akwai kuma abin da ba zan yi shiru a kai ba. Bel ɗin a fili yake, bakin rolar ma haka. Masara in ta maƙale, hannu ne ke fara kai kansa kafin tunani. Wani yaro cikin masu zuba mini, rola ta cafke hannun rigarsa ta yage shi har kafaɗa, Allah ne ya tsare yatsunsa. Tun ranar ba mai matsowa da riga mai faɗin hannu, da sanda ake tura wadda ta maƙale, na kuma sa aka yi wa bel ɗin keji. Duk wannan daga aljihuna, ban da kuɗin rola, da fuli, da bututu. Fetur kuwa, tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, duk lokacin da aka ja igiyar nan sai na yi lissafi. In masarar ba ta kai tuli ba, kiran mata ya fi arha, kuma su ba sa markaɗa tsutsa.

Saboda haka mai noman damina da ke da busasshiyar masara da yawa, ya saya, zai ji daɗinsa, amma ya nemi robobin canji tun a ranar kafin ya miƙa kuɗi. Mai ɗanyar masara irina kuwa, ya ɗauki buhunsa da aka karya da safe ya tafi da shi shagon, a tayar da inji a gabansa, ya ɗauki masarar da ta fito ya murza da hannu ya duba tsakanin layuka. In an ce babu fetur ko ba a gwaji a shago, ya ɗau buhunsa ya fita.

Nawa yana nan a zaure, an ɗaure yatsun da suka tsinke da yankan tayar babur, a haka muke lallaɓawa. Na ba da kuɗin sababbin robobi tun kafin azumi. Na kira Alhaji shekaranjiya, ya ce kwantena tana Legas.