Gargaɗi: masu sayar da "tabbataccen sakamako" na ƙwallon jami'o'in Amurka 'yan damfara ne

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman mu da ke zaune a Amurka da iyayen da 'ya'yansu ke karatu a nan. Raina a ɓace nake wannan rubutu saboda abin da ya sami ɗan yayata a wannan kakar wasanni, kuma ga wasan Ohio State da Michigan na ƙarshen Nuwamba yana matsowa, lokacin da mutanen nan suka fi baza komarsu.

Yaron yana karatu a jami'a a nan Ohio, da dare kuma yana aiki a wani ɗakin ajiyar kaya don ya riƙa biyan haya. A watan Satumba wani ya jefa shi cikin wani zauren Telegram. Mai zauren ya ce wai yana da mutanensa a cikin masu horar da 'yan wasan jami'o'i, na ƙwallon nan ta Amurka mai kama da zari-ruga da ake bugawa duk Asabar. Da farko ko sisi bai nema ba. Ran Alhamis sai ya turo masa saƙo shi kaɗai, ya ce ƙungiya kaza zai bi. Asabar ta zo, maganarsa ta tabbata. Mako na biyu haka, na uku haka, har sau biyar bai kuskure ba. A mako na shida ya ce kyauta ta ƙare, sai an biya dala 300. Yaron ya biya, sannan ya kwashi dala 900 na haya ya zuba a kan ƙungiyar da aka ba shi. Aka lallasa ta.

Ran Lahadi bayan azahar ya zo gidana, ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, shayin da aka kawo masa har ya huce bai taɓa ba. Da ƙyar ya miƙo mini wayarsa. "Kawu, wallahi sau biyar ya faɗa daidai, da idona na gani. In ba shi da wani a ciki, ta yaya ya sani?"

Na ce masa ɗauko takarda da biro, ɗana. Abin da na zana masa shi nake so kowa ya gani, domin dabarar tsohuwa ce kuma ba ta buƙatar sanin ƙwallo ko kaɗan. Ka ɗauka ɗan damfarar ya tara lambobin mutum 1,024. A wasan farko zai ce wa rabinsu wannan ƙungiyar, ya ce wa sauran rabin waccan. Ko wace ce ta yi nasara, mutum 512 sun ga ya faɗi gaskiya. Sai ya watsar da sauran, ya sake raba waɗannan gida biyu. Bayan wasa na biyu saura 256, bayan na uku 128, sai 64, sai 32. Mutum 32 ɗin nan kowannensu zai iya dafa Alƙur'ani cewa mutumin bai taɓa kuskure ba, kuma ba ƙarya ya yi ba, abin da ya gani ke nan. In kowannensu ya biya dala 300, ya tashi da dala 9,600. Abin da ya fi ci mini rai, a mako na shida mutum 16 daga cikinsu za su sake ci, su ne kuma za su cika zauren da godiya da addu'a, su jawo abokansu da zuciya ɗaya. Na ce wa yaron ya duba da kyau, ko sau ɗaya an taɓa saka hasashen a fili cikin zauren kafin wasa? Ya yi ta ja da yatsa yana komawa baya. Babu. Duk ta bayan fage aka turo masa.

Su kansu kamfanonin caca ba sa barin abin ya zo da sauƙi. Idan ƙungiya ɗaya ta fi ƙarfi, sai su ɗora mata tazarar maki, su ce sai ta ci da fiye da maki kaza kafin wanda ya bi ta ya samu. Hakan ke mayar da wasan kusan kamar jefa kwabo sama. Kuma a farashin da aka saba, sai ka zuba dala 110 kafin ka ci 100, ma'ana sai ka dace a fiye da kashi 52 cikin 100 na duk abin da ka zuba kafin uwar kuɗinka ma ta dawo. To wanda ya ce yana dacewa kashi 90 cikin 100, me zai yi da dala 300 ɗin ɗalibi mai aikin dare? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Duk wanda ke Columbus, garin jami'ar Ohio State, ranar 30 ga Nuwamban 2024 ya san ƙwallon nan ba ta da tabbas. Ohio State na gida, a gaban mutum sama da 100,000, masu caca sun ba ta rinjaye da maki kusan 20, amma Michigan ta doke ta 13 da 10. Ohio State ɗin nan kuma ita ce ta ɗauki kofin ƙasa a Janairun 2025, ta ci Notre Dame 34 da 23. Ita ma Michigan, a 2007 wata ƙaramar jami'a, Appalachian State, ta bi ta har gida ta ci ta 34 da 32.

Maganar "ina da mutum a ciki" ma ku auna ta. A 2023 kocin ƙwallon besbol na Jami'ar Alabama, Brad Bohannon, ya tsegunta wa wani labarin ƙungiyarsa kafin wasa, mutumin ya je zai zuba kuɗi mai yawa a Cincinnati da ke nan Ohio. Nan take aka lura, hukumar caca ta Ohio ta dakatar da karɓar kuɗi a kan ƙungiyar, cikin mako guda aka kori kocin. Sirrin da mutum ɗaya ya riƙe ke nan bai kwana ba, balle wanda ake tallarsa ga duk mai waya.

Tun da Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar hana cacar wasanni a 2018, jihohi suka riƙa halatta ta, Ohio ta buɗe tata ranar 1 ga Janairun 2023. Yanzu tallar tana cikin talabijin, tana cikin wayar kowane yaro. Mu dai mun san hukuncin caca a addininmu, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ba ta bar wani kokwanto ba, kuma na faɗa wa ɗana haka ba tare da na ɓoye masa ba. Lissafin na kawo shi ne saboda wanda nasiha ba ta riga ta shige shi ba.

Bayan yaron ya yi asara, mai zauren nan bai gudu ba. Ya ce wai an sauya tsari a minti na ƙarshe, a turo dala 500 na wasan Michigan, zai mayar da asarar ninki uku. Kuɗin kuma kullum ta Zelle ko Cash App ko Bitcoin ko katin sayayya yake nema, hanyoyin da in kuɗi suka fita da wuya su dawo. Hotunan tikitin cin da yake sakawa, duk mai waya zai iya haɗa irinsu.

Wanda abin ya riga ya ci, kada kunya ta sa ya goge saƙonnin. Ya ɗauki hotonsu, ya kira bankinsa a ranar, ya kai ƙara ga hukumar FTC mai kare masu sayayya da sashen IC3 na FBI mai karɓar ƙarar damfarar intanet ta shafukansu na intanet. In wani ya ɓullo ya ce zai ƙwato masa kuɗinsa idan ya ba da wani abu, shi ma kada a saurare shi. Wanda kuma ya ga ya kasa dainawa, akwai layin 1-800-GAMBLER, kyauta ne.

Hayar yaron ni da mahaifiyarsa muka haɗa muka biya. Ya toshe lambar, ya fita daga zauren a gabana. Jiya da dare ya turo mini hoton wani sabon saƙo daga wata lamba, da wani suna daban, ana masa albishir da sakamakon wasan Ohio State da Michigan, na farko kyauta.