Ƙwaya biyu a ɗan kofin roba

Yaya, ina gaisuwa. Na ji Inna ta kasa barci tunda aka ce an kai ni asibiti. Ki kwantar mata da hankali, na warware sarai.

Kwanana tara da dawowa Manchester zazzaɓi ya kayar da ni, jiki kamar garwashi. Na kira 111, lambar da ake nema a nan idan ciwo bai kai na kiran motar asibiti ba. Ina cewa daga Kano na dawo, suka ce in tafi sashen gaggawa a daren.

Nas ɗin da ta karɓe ni, tana gama auna zafin jikina sai ta ce farasitamol nawa na sha yau, kuma da ƙarfe nawa? Na ce huɗu. Maganin mura fa? Na ce na sha Lemsip, wani gari da ake damawa da ruwan zafi kamar shayi. Ashe shi ma da farasitamol a ciki! Ta ƙirga da yatsu, ta ce babba ba ya wuce ƙwaya 8 masu lamba 500 a awa 24, kuma da tazarar awa 4. Wanda ya zarce, hanta yake ci a ɓoye, sai an kwana biyu a gane. Sai da lokaci ya cika ta miƙo min biyu a ɗan kofin roba.

Wallahi raina ya sosu. Da a gida ne, ai da tuni mai kemis ɗin bakin layinmu ya tsira min allura ya ɗaura ruwa, in ji a jikina an yi min aiki. Su ma a nan suna da farasitamol na jijiya, amma sai mai amai ko wanda ya kasa haɗiya. Haka na kusan kwana a kujera kafin jini ya nuna maleriya ce, suka ba ni gado. Ko sisi ban biya ba, ko da yake mun riga mun biya kuɗin asibiti tun wajen biza.

A kanti kuwa farasitamol arha ne, fakiti mai 16 bai kai fam ɗaya ba. Sai dai tun 1998 doka ta ƙayyade yawan ƙwayar da ke cikin fakiti, kuma kina ɗaukar na uku mai kanti zai mayar. Shi ya sa tsarabar “Panadol ɗin Ingila” da Inna ta nema ta zo kaɗan. Ki faɗa mata sinadarinsu ɗaya da Emzor ɗin da ke kan durowarta. Ki kuma ƙirga min nawa take sha a rana don ciwon gwiwar nan, har da wanda maƙwabta ke kawo mata.